Kwas ɗin odar kaya daga Chana: ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu?

Tun da aka ga na fara ɗora ribom da fil ɗin hijabi a sitatus ina rubuta "sababbin zuwa daga Chana", matan islamiyyarmu a nan Agege da ke Legas suka sa ni gaba da tambaya ɗaya: kwas ɗin nan da ake tallarsa a Facebook, wanda ake farawa da aji kyauta, a biya ko kada a biya? Amsar da nake bayarwa a tsaitsaye a bakin ƙofa ba ta isa, shi ya sa na zauna na rubuta. Na biya N25,000. Ban ce an cuce ni ba. Amma abin da ya ci kuɗinsa a cikin kwas ɗin darasi biyu ne kacal, kuma ɗaya daga cikinsu, da a ajin kyauta aka faɗe shi, da mata da yawa sun riƙe kuɗinsu sun ƙara a jari.

Ba zan kama sunan malamar ba. Ba ita kaɗai ke wannan sana'a ba, kuma duk wadda ta taɓa shiga irin waɗannan azuzuwan, na ɗinki ne, na haɗa turare ne, na zanen talla da waya ne, za ta ga tsarin duk ɗaya ne.

Ni kayan kicin nake sayarwa: kuloli, filas, farantai, kofuna, tukwanen da ba sa kamu. A kasuwannin Ebute Ero da Idumota nake sari. Tun da jirgin ƙasan Red Line ya fara ɗaukar fasinja a Oktoban 2024 sai in hau a tashar Agege in sauka Oyingbo, in ƙarasa cikin Ikko a mota. Wasu kayan in sayar a gida, wasu ta waya, wasu in ɗora wa motar Kano. Kusan duk abin da nake sarowa an rubuta a gindinsa cewa a Chana aka yi shi, don haka mai cewa za ta nuna mini hanyar zuwa tushe ba sai ta yi dogon wa'azi ba.

Tallar bidiyo ce, wata mata a tsakiyar kwalaye tana cewa da wayarki kaɗai za ki yi oda, ba Turanci, ba fasfo, ba biza. Na danna, linkin ya kai ni wani zauren WhatsApp. Sunan zauren da lamba a ƙarshensa, alamar akwai 'yan uwansa, tunda WhatsApp ba ya ɗaukar fiye da mutum 1,024 a zaure guda, in ya cika sai a buɗe wani. A kulle yake, masu zaure kaɗai ke magana. Kafin ranar fara aji, kullum da safe a turo sallama da addu'a, da rana a turo hoton jaka ko takalmi da farashinsa a Chana. Aka ce kowa ta ajiye lambar malama ta gaishe ta, don ita ma ta ajiye tamu. Wannan ba don zumunci ba ne. Sitatus ɗin WhatsApp sai wanda kuka ajiye lambar juna ke gani, saboda haka daga ranar kin zama 'yar kallon tallarta, ko kin sayi kwas ko ba ki saya ba. Ban ga laifinta ba. Ni ma na ɗauki dabarar, ina yi wa masu sayen kulolina.

Ajin dare uku ne, bayan isha'i, da saƙon murya da gajerun bidiyon fuskar wayarta. In za a faɗi gaskiya, matar ta iya koyarwa. Hausarta a warware take, ba ta sauri, ba ta cusa Turanci don burga. A daren farko ta bambance mana shafuka uku da mutane ke cakuɗawa, duk na kamfanin Alibaba da Jack Ma ya kafa a birnin Hangzhou a 1999. Alibaba.com na 'yan sarin ƙasashen waje ne, da Turanci, farashi a dala. AliExpress na sayen ɗai-ɗai ne. Shi kuwa 1688 kasuwar sarin cikin gida ce, 'yan Chana ke saya a wurin 'yan Chana, da yarensu, da kuɗinsu yuan, shi ya sa farashinsa ke ƙasa. Ta nuna yadda ake sauke manhajar da yadda ake ɗora Google Translate a kan rubutun don a gane abin da aka ce. Wannan duk kyauta, kuma duk gaskiya ne.

Dare na biyu shi ne tarkon, kuma da abu na gaskiya aka ɗana shi. Ta ce kowa ta ɗauki wani kaya a ɗakinta, ta danna alamar kyamara a saman manhajar, ta ɗauke shi hoto. Na jawo kula 'yar saiti uku daga cikin kayan sayarwata, mai furen zinare a murfi, na aje ta a kan ledar ɗaki ƙarƙashin fitila, na ɗauka. Kafin in gyara zama, ga ta nan ta fito, ita ɗin dai, har da ɗan lanƙwasan hannun murfin, a shaguna rututu, wani yuan 48, wani 45. A lokacin yuan ɗaya ya ɗan haura N200. Na buga a kalkuleta, bai kai N10,000 ba. Kular da nake sara N20,000 a Ebute Ero, bayan na sha rana na sha "Alhaja, ba ragi". Na miƙa wa maigida wayar ya gani. Ya duba, ya duba kular, ya ce, "To, da ƙafarta za ta zo?"

Tambayar da mata da yawa suka yi ke nan da aka buɗe zaure na 'yan mintuna. Nawa ne kuɗin kawowa? Wa zai biya mana yuan ɗin, tunda katin bankinmu ba ya aiki a can? Amsa ɗaya ce, cikin fara'a: "Hajiyata, wannan yana cikin babban aji." Aka sake kullewa.

A dare na uku ba a koyar da komai ba. Hotunan alat aka yi ta turowa, da muryoyin tsofaffin ɗalibai suna godiya suna sa albarka, wata ta ce ta sayi firji, wata ta ce ta daina roƙon kuɗin anko. Sannan farashi: asalin kwas N50,000 ne, amma albarkacin wannan aji N25,000, zuwa ƙarfe goma sha biyun dare, mutum hamsin na farko. Kowane ɗan lokaci a rubuto sauran gurbi kaza. Wa'adin nan da gurbin nan ba su da tushe. Kwas ɗin bidiyo ne da aka riga aka naɗa, ba benci ba ne da zai cika. Wata mai zuwa na ga an buɗe sabon zaure, farashin dai N25,000, daren dai sha biyu. Ban taɓa jin wadda ta biya N50,000 ba.

Ba na cikin masu cewa ajin kyauta yaudara ne. Banza ba ta kai zomo kasuwa, matar tana biyan Facebook kuɗin talla, tana ɓata darenta, dole ta ci abinci. Kuma ajin yana da amfani ga mai saye, don kafin ki cire sisi kin ji muryar malama, kin ga ko tana iya fahimtar da ke. Inda nake da magana shi ne abin da aka zaɓa a nuna da abin da aka zaɓa a rufe. An nuna farashin Chana, an sa mu da hannunmu mun kwatanta shi da na Legas, an bar mu mun kwana da ribar N10,000 a kan kowace kula a cikin kanmu. Kuɗin dako, wanda shi ne zai faɗa miki ko akwai ribar ko babu, shi aka sa a bayan ƙofa. Wato lissafin da za ki yi ki gane ko kwas ɗin zai amfane ki, sai kin sayi kwas ɗin za a ba ki shi.

Biyan kuɗi hanya biyu ne: ko ki tura kai tsaye a asusunta ki aika hoton shaida, ko ki bi ta Selar, dandalin nan na Najeriya da ake sayar da littattafai da kwasa-kwasai. Na bi ta Selar don rasit ya shigo mini ta imel. Ba a daɗe ba aka sa ni a wata tashar Telegram. An toshe turawa da ajiyewa a tashar, ba za ki iya aika wa ƙanwarki bidiyo ba, wanda hakkinta ne ta tsare kayanta. Sai dai bidiyoyin manya ne, ba a matse su ba, kuma tun da hukumar NCC ta amince wa kamfanonin waya ƙarin kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025, data ta zama abin da ake aunawa da cokali. Duk mai shirin saye ta sa kuɗin data a lissafi. Ni da tsakar dare na riƙa saukewa da datar dare.

Bidiyoyin farko maimaicin ajin kyauta ne, an ɗan ja su. Buɗe asusu, sauke manhaja, neman kaya da hoto. Na wuce su da sauri.

Sai darasin dako, wanda shi ne kwas ɗin. A nan ta zauna ta yi bayani kamar ba ita ce ta yi ta kauce wa tambayar ba. Mai shago a 1688 ba ya aiko kaya Najeriya. Zai aika ne zuwa siton kamfanin dako a can cikin Chana, galibi a Guangzhou, da lambarki a jikin kwali, kuma wannan gajeriyar tafiyar ma da kuɗinta. Daga sito hanya biyu ce. Jirgin sama ana biya a kan kilo, kaya su zo cikin mako ɗaya zuwa biyu. Jirgin ruwa ana biya a kan girman wurin da kaya suka ci a kwantena, abin da suke kira CBM, wato faɗin mita ɗaya, tsawon mita ɗaya, tsayin mita ɗaya, kuma a yi ta jira wata biyu ko fiye kafin kwantena ta fito daga tashar jirgin ruwa ta Apapa ko ta Tin Can a nan Legas. Abin da ban taɓa ji ba sai a nan shi ne, ko a jirgin sama, ba nauyin sikeli kaɗai ake dubawa ba. Ana auna tsawon kwali da faɗinsa da tsayinsa da santimita, a ninka su, a raba da 6,000, wasu kamfanonin da 5,000. Abin da ya fito shi ne nauyin girma. Tsakaninsa da nauyin sikeli, wanda ya fi yawa shi za ki biya.

Na ɗauko tef ɗin ɗinki na auna kwalin kulolin da ke bayan ƙofata, mai cin saiti shida: 60 da 50 da 40. In an ninka, 120,000. A raba da 6,000, kilo 20. Kwalin da yarona ɗan firamare ke ɗagawa, don kula rabinta iska ce da soso. Farashin da ejan, wato wakilin da ke biya miki yuan ya kuma yi miki dakon kaya, ya ba ni a lokacin dala 9 ne kilo ɗaya, dala kuma tana wajen N1,500. Dakon kwali ɗaya N270,000 ke nan, kowace kula N45,000, ban da kuɗin sayenta. Kular da ake sayarwa N20,000 a Ikko. Maganar jirgin sama ta mutu a nan.

Na koma jirgin ruwa. Kwalin ya ci 0.12 na CBM, dakonsa da fitonsa ya kama wajen N45,000 a farashin da aka ba ni, kowace kula N7,500. A haɗa da kusan N10,000 na saye, da dakon cikin Chana, da ladan ejan, da kuɗin motar da za ta ɗauko mini daga sitonsu na Legas zuwa Agege, sai ga kula ta tsaya mini N19,000 da ɗoriya. Ribar da na kwana da ita ta N10,000 ta koma abin da bai kai N1,000 ba, bayan kuɗina sun yi wata biyu a kan ruwa, kuma in murfi ɗaya ya fashe a hanya babu wanda zan kama. A Ebute Ero kuwa ina buɗe kwali a gaban mai shago in canza wadda ta tsage.

Dalilin a fili yake, kuma nan ne kwas ɗin ya gaza mana mu mazauna Legas. Malamar a Arewa take zaune, da idon can ta tsara darasinta. Mace a Gusau ko Azare tana sayen kular da ta bi hannu uku ko huɗu kafin ta iso gare ta, kowa ya ɗora nasa, ga kuɗin mota daga Kudu. In ta tsallake waɗannan hannayen za ta iya ganin bambanci. Mu kuwa a bakin ruwan muke. Mutumin da nake sari a wurinsa kwantena guda yake saukewa, ko shi ko ubangidansa a kasuwar Trade Fair, ya sayi dubbai a farashin masana'anta, dakon kowace ɗaya ya zama kaɗan. Ni da kwalina ɗaya ba zan taɓa karya masa farashi ba. Haka abin yake ga mai kayan wuta da kasuwar Alaba a kusa da ita, da mai kayan waya da kasuwar Computer Village ke nan Ikeja, tasha ɗaya daga Agege a jirgi. Ko sau ɗaya ba a ce "in kina Legas, fara zuwa kasuwa ki tambayo farashin sari" ba. Abin da muka fi 'yan Arewa da shi ɗaya ne: kaya a garinmu suke sauka, ba mu biyan dako na biyu zuwa Kano.

Ban ɗauki wannan darasi a matsayin asara ba. Shi ya hana ni zuba jarina a kuloli, kuma shi ya nuna mini irin kayan da hanyar ta karɓa: ƙanana, marasa nauyi, marasa cin wuri, waɗanda ake sayarwa ɗai-ɗai da riba mai kauri. Ribom ɗin yara, fil ɗin hijabi, abin matse gashi, safar hannu, 'yan kunnen yayi. Kilo ɗaya na fil ɗaruruwa ne, dala 9 ta narke a cikinsu ba a ji ba. Da su na gwada, ta jirgin sama, suka zo lafiya, suka kuma ƙare a bikin wata 'yar unguwa da walimar saukar islamiyya. Ribar ba ta sayen firji ba ce, amma ta mayar mini da kuɗin kwas. Wani abin lura: fil mai maganaɗisu ejan ya ware shi, ya ce layinsa daban, farashinsa daban, kamar yadda ake yi wa duk abu mai batir, da mai ruwa, da gari. Malama ta ambaci batir da turare, ta manta maganaɗisu, alhali ɗalibanta masu hijabi ne.

Darasi na biyu da ya ci kuɗinsa shi ne na tantance mai shago. Ta nuna inda ake ganin shekarun da shago ya yi a dandalin, da alamar kan bijimi da ake ba manyan shaguna, da kason masu saye da suka dawo suka sake saye, wanda ta ce ya fi taurari faɗin gaskiya. Ta ce kada a yarda da hoton talla, a gangara ƙasa a ga hotunan da masu saye suka ɗora da kansu. Ta nuna yadda farashin da ke fuskar shafi yakan zama na mafi ƙanƙantar samfuri, ko na murfi kaɗai, ko na wanda ya sayi dubu, sai kin shiga kin zaɓi launi da girma da adadi sannan na gaskiya ya fito. Ta ja kunne a kan awo: "babba" a wurinsu ba babbar Bahaushiya ba ce, a nemi santimita, a ɗauko tef. Kuma a sa ejan ya buɗe kwali a sito ya turo hoto kafin a ɗora, domin mayar da kaya yana yiwuwa ne suna cikin Chana, in sun taso shi ke nan. Wannan bidiyon na kalle shi na sake kalla, kuma da Hausa ban ga inda aka yi shi da kyau haka ba. Masu jin Turanci za su sami irinsa kyauta a YouTube, 'yan Kudu sun cika shi da bayanin 1688. Abin da ake saya a nan, rabinsa harshen ne.

Maganar ejan kuwa sai a hankali. A ajin kyauta an yi alkawarin "lambobin amintattun ejan". Abin da aka bayar lamba uku ce, ta farko ta ofishin malamar ce da kanta. Ita za ki tura wa naira, ta biya yuan ta Alipay, manhajar biyan kuɗi ta Chana, kaya su sauka a sitonta. Canjinta ya ɗan fi na sauran biyun tsada, na tambaya na gani. Ba haramun ba ne, kuma kayana ta hannunta suka zo ba abin da ya ɓata. Amma ya kamata mai saye ta gane cewa kwas ɗin ma ba shi ne ƙarshen cinikin ba. Ajin kyauta yana kai ki kwas, kwas yana kai ki sito, a nan ne ake cin kuɗinki a kai a kai. Wannan ya sa na fahimci dalilin da ba za ta taɓa cewa "je ki Idumota ya fi miki sauƙi" ba.

Canjin kuɗi an taɓa shi sama-sama, alhali shi ke karya mutane. Yuan za ki biya ranar oda, dako kuma da dala ake lissafa shi, a farashin ranar da kaya suka sauka. Duk wadda ke kasuwa a Yunin 2023, lokacin da aka saki naira ta nemi farashinta, ta san abin da nake nufi: dalar da gwamnati ke bayarwa a N460 da 'yan kai, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 ta haura N1,500. Wadda kayanta ke kan ruwa a irin wannan lokaci, lissafin da ta yi a farko ba shi za ta tarar a ƙarshe ba. Haka lokacin hutu. Masana'antu da kamfanonin dako suna rufewa a bikin sabuwar shekararsu, a yi makonni kafin abubuwa su daidaita. A 2026 bikin ya faɗo ranar 17 ga Fabrairu, azumi kuma ya kama a cikin makon, saboda haka mai son kayan ƙaramar salla ta jirgin ruwa sai dai in tun Disamba ta yi oda. Wannan a bakin wata tsohuwar ɗaliba na ji shi, ba a bidiyo ba. Kayan shafa da na ci kuma, da ake ta kwaɗaita wa mutane saboda ba su da nauyi, ba a ce uffan ba game da rajistar NAFDAC.

Akwai darasi guda da bai kwanta mini ba, na yadda za ki fara "ba jari": ki ɗora hoton 1688 a sitatus, ki karɓi kuɗin mutane, sannan ki yi oda. Wata ta tambaya a zauren ɗalibai ko wannan bai shiga sayar da abin da ba ka mallaka ba. Aka ce mata kowa ma haka yake yi. Na kai tambayar wurin malaminmu na islamiyya. Ya ce akwai cinikin salam a shari'a, a biya kuɗi yanzu kaya su zo daga baya, amma da sharuɗɗa: a san siffar kaya, a san adadi, a san ranar bayarwa, kuma in kaya ba su zo yadda aka siffanta ba, nauyin yana wuyan mai sayarwa. To wace rana za ki yanka wa mutane, ke da ba ki san ranar da kwantena za ta fito daga Apapa ba? Ko an bar maganar hukunci, a unguwa irin tamu da kowa ya san gidan kowa, jakar da ta zo ba kalar hoto ba tana iya raba zumuncin shekaru.

"Kulawa har abada" da aka yi alkawari ta tsaya a zauren ɗalibai na Telegram. Makonnin farko malama na leƙowa tana amsawa. Da aka buɗe sabon ajin kyauta sai ta koma can, aka bar mu da wata yarinya mai amsa "za a duba, Hajiya". Amma zauren bai mutu ba, ɗalibai ke riƙe da shi. A nan na haɗu da wasu mata biyu, ɗaya a Idi-Araba ɗaya a Mile 12, muke haɗa odarmu a kwali ɗaya mu raba dako.

Abin da ya fi ɓata mini rai ya zo a bidiyon ƙarshe. Taken darasin "hanyar samun kuɗi kafin kayanki su iso", ashe tallar kwas ɗin ce: ki karɓi linkinki, duk wadda ta saya ta hannunki a ba ki kamasho mai tsoka. Sai na koma na sake duba hotunan alat ɗin dare na uku. Da yawansu adadi ɗaya ne yake ta maimaituwa, daidai kuɗin kamashon. Ba cinikin jaka ko takalmi ba ne, cinikinmu ne. Wasu muryoyin godiyar ma na gane su a zaure, ba su taɓa yin oda ko ta cokali ba. Saboda haka in ƙawarki ta turo miki linki tana rantsuwa kwas ɗin ya canza mata rayuwa, tambaye ta abin da ta shigo da shi, ta nuna miki rasit ɗin dako. Ni ban karɓi linkin ba, wannan rubutun ma babu kamashon kowa a cikinsa. Kuma a sani, a ƙasan shafin biya an rubuta da ƙananan baƙaƙe cewa ba a mayar da kuɗi.

Ƙanwar maigidana ta zo da N40,000 na adashi tana son ta biya kwas ta yi oda da sauran. Na ce mata a'a. In ta cire N25,000 da kuɗin data, abin da ya rage ba zai sayi kaya ya biya dako ba, ƙarshenta ta koma tallar kwas. Na zaunar da ita na nuna mata lissafin 6,000 ɗin a bayan kwali, na ce ta shiga ajin kyauta ta kwashi na dare biyun farko, ta bar na ukun. Makwabciyata kuwa mai shagon kayan kitso da kwalliyar yara, wadda ke da masu saye a hannu da jarin da zai iya yin wata guda bai dawo ba, kuma ba ta jin Turancin YouTube, na ce ta biya, amma kafin ta tura ko yuan ɗaya ta shiga kasuwar Balogun da hoton kayan ta ji nawa ake ba da dozin. Ta je, ta dawo ta ce beza da roba sun fi sauƙi a nan, ribom da kambun kai sun fi sauƙi a can. Su biyun ta yi oda, kwalinta yana cikin namu na wannan watan.